Hannuwan da Na Ƙirga a Ƙofar Gidan Maigari

Shekarata biyu da fara koyarwa aka tura ni wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye tsakanin Baure da Babban Mutum. Ni ɗan cikin garin Daura ne, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Biro biyu a aljihun gaba, takalmi sau ciki ko da rana na dukan ƙeya, ga wani littafin tarihin Amurka da na saya wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Wannan littafi shi ya hau mini kai.

Labarin farkon Amurkawan ne ya fi burge ni, kuma da shi nake cika ɗalibaina da surutu ko ba ya cikin darasin ranar. Wasu mutane ne a Ingila aka takura musu kan yadda za su yi ibada, suka tattara iyalansu suka shiga jirgin ruwa, suka haye teku zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Kafin su taka tudu, mazan cikinsu suka zauna suka rubuta yarjejeniya cewa dokar da suka amince da ita tare ita za su bi. Da suka kafa garuruwa, sai ya zama in magana ta taso a taru a ɗaki ɗaya, manomi ya faɗi tasa, maƙeri ya faɗi tasa, a bi abin da mafi yawa suka zaɓa. Jikokinsu ne daga baya suka ce wa sarkin Ingila ba za su biya harajin da aka yanka ba tare da wakilinsu ba. In na kawo nan har tsikar jikina tashi take yi.

Akwai wani babi a littafin game da mutanen da suka tarar a ƙasar, waɗanda suka koya musu shuka masara lokacin da yunwa da sanyi ke kashe su, daga baya kuma aka yi ta tura su gaba har gonaki da dazuzzukansu suka zama na baƙi. Sau ɗaya na karanta shi. Ba ya fitowa a jarrabawa, kuma yana ɓata mini daɗin labarin, don haka nake tsallake shi.

Gabas da ƙauyen akwai wani kwari mai ruwa kusa, in ka haƙa kamu biyu ka same shi ko da bazara. A bakinsa akwai rugar Fulani da ta girmi yawancin gidajen garin. Dattijon rugar, wanda kowa ke kira Baffa, dogo ne marar yawan magana. Watana na farko zazzaɓi ya kwantar da ni, ba na iya cin komai, ba ni da kowa. Shi ya ji labarin baƙon malami ba lafiya, ya riƙa zuwa da ƙwaryar kindirmo da kansa, ya zauna a bakin ƙofa sai ya ga na sha. Ban san shi ba, bai san ni ba.

Mutanen gari sun daɗe suna son kwarin nan don noman rani. Sun ga ƙauyukan maƙwabta suna fitar da albasa da tumatir, su kuwa da an gama girbi sai zaman gindin bishiya ko tafiya ci-rani. Buƙatarsu gaskiya ce, ba zan ce ba gaskiya ba ce. Amma maigari, wani tsoho mai sanyin hali, ya ƙi yanke maganar. Al'adarsa ke nan: ba ya gama magana ranar da aka kawo ta. Zai saurara, ya ce a je a huta, ya aika a kira wanda bai zo ba, ya ji ta bakinsa shi kaɗai, ya sake kiran na farko. Kan kwarin kuwa cewa ya yi sai samarin ruga sun dawo daga kudu da shanu, a zauna da su a ga inda za a bar mashaya da burtali.

Ni wannan jan ƙafa haushi yake ba ni. An naɗa ni sakataren ƙungiyar ci gaban gari saboda ni ke da rubutu mai kyau, sai na ɗauka an naɗa ni mai wayar da kai. Na bi matasa shago shago ina ba su labarin mutanen jirgin ruwa. Na ce a ƙasashen da suka ci gaba mutum ɗaya ba ya riƙe maganar jama'a a aljihunsa shekara da shekaru. A taru, a ɗaga hannu, a ƙirga, a wuce wurin.

Aka taru wata Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan maigari, ƙarshen rani. Daga ruga Baffa ne kaɗai ya zo, don shi kaɗai ne namiji babba da ya rage, sauran mata ne da yara. Na miƙe na yi jawabi mai tsawo, har da Ingila, har da teku. Da na zauna Baffa ya gyara zama ya dubi maigari.

“Ranka ya daɗe, 'ya'yana ba sa nan. Ruwa ya kusa. A jira su mana.”

Kafin maigari ya buɗe baki na riga shi. “Baffa, ai taro na wanda ya zo ne. Haka ake yi ko'ina a duniya.”

Na ce masu son a raba kwari su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar karan dawa. Na bi layi ina ƙirgawa da biro, ina jin daɗin kaina. Na ce waɗanda ba su yarda ba fa? Ba wanda ya motsa. Baffa ma bai ɗaga ba, hannuwansa biyu na kan sandarsa, yana kallona kawai. Ina jin bai ga amfanin ɗaga hannu ɗaya a gaban mutanen da duk sun san abin da ke ransa ba.

Da aka watse maigari ya kira ni zaure. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, “Malam, ka ɗaure ni. Jiya ina iya bin mutanen nan ɗaya ɗaya in sassauto da su. Yau kowa ya ga hannun kowa, ba mai komawa baya. In na ce a'a, na ƙi jama'ata a bainar jama'a.” Na fito ina cewa a raina tsoho ya ji zafin an rage masa iko.

Kafin ruwan farko an kewaye kwarin da ƙaya. Ba a bar burtali ba, don ba wanda ya tuna da shi a taron, ni ma da na rubuta abin da aka zartar ban tuna ba. Shanu suka dawo suka tarar da shinge tsakaninsu da ruwan da suka saba sha. Aka yi ta ƙananan rigingimu, yau saniya ta karya shinge, gobe an jefi maraƙi. Samarin ruga da na gari da suka tashi tare suka daina gaisawa a kasuwa.

A cikin wannan damina na sake buɗe babin da nake tsallakewa, ina zaune ni kaɗai a ofishin malamai. Ba wani sabon abu a ciki. Waɗancan mutanen ma da suke taruwa suna zaɓe, ba su taɓa kiran masu ƙasar cikin ɗakin ba. Kunya ta kama ni har na kasa shiga aji. Har gobe ina ganin shawarar jama'a ta fi ta mutum ɗaya, kuma ba zaɓe nake zargi ba. Ni na san samarin ba sa nan. Na san a kan wa za a yi rinjaye tun kafin in ce a ɗaga hannu, kuma na san ƙwaryar wa na sha.

Bayan girbi Baffa ya zo makaranta, ya tsaya daga waje har aka tashi. Ya ce za su tashi, sun sami wuri a wani ƙauye can arewa kusa da iyaka, amma maigarin can yana son takardar shaida daga inda suka fito.

“Kai ne mai rubutun gari, Malam. Maigari ya ce in ka rubuta zai sa hannu.”

Na kawo masa kujera ya ƙi, ya tsuguna a gefen tebur. Na rubuta cewa mutanen kirki ne, an zauna da su tun kakanni, ba a taɓa kama su da sata ko ɓarna da gangan ba. Duk gaskiya ne. Na karanta masa, ya gyaɗa kai.

“To, ka sa dalilin tashinmu. Za su tambaya. Kada su zaci korar mu aka yi don mun yi wani abu.”

Na riƙe biro na daɗe. In na rubuta abin da ya faru, sai in rubuta taron, in rubuta wanda ya kira shi da wanda ya yi ƙirga. Na sunkuyar da kai na rubuta cewa sun tashi ne don raɗin kansu, saboda neman wurin kiwo mai yalwa. Wannan layin ban karanta masa ba, shi ma bai ce in karanta ba.

Ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe ta a hankali ya sa cikin hularsa. Ya ce Allah ya yi mini albarka, Allah ya ƙara ilimi. Na ce amin.