Cittar da Emilia Ta Tsinta a Aljihun Kwat

Yaran yanzu sukan miƙo mini waya su ce in ga abin mamakin da suka tsinto a intanet, wai ga kifi mai tafiya a tudu, ga garin da rana ba ta faɗuwa. Nakan duba in ce madalla. Mu a kasuwar Kafanchan tun wajen 1989 muna da inda muke ganin irin waɗannan abubuwa, a kan wani farantin silba a rumfar Emilia mai gwanjo.

Rumfata na jikin tata. Ni ɗinki nake yi, duk rigar da ta fito daga dila da yagewa ni ke gyara mata, saboda haka komai a kan idona ya faru.

Sauran masu gwanjo in sun yanke igiyar dila, rige-rigen ware masu kyau suke yi. Emilia kuwa aljihu take fara bi. Kwat na da aljihu biyar in ka haɗa da na ciki, wando huɗu, siket wani lokaci ɗaya, kuma ba ta tsallake ko guda. Abin da ta samu sai ta ɗora a faranti. Na taɓa ƙirga abin da ke kai, sittin da uku: tikitin jirgin ƙasa da rubutun da ko fasto bai iya karantawa ba, haƙoran roba na sama, hoton wani kare sanye da hula yana zaune a kujera kamar maigida, ɗan ƙarfe mai allurar da kullum take nuna hanyar Kaduna duk yadda ka juya shi. Mutane su taru suna musu. Wani ya ce karen nan ya fi shi jin daɗin duniya, wani ya ce a gwada wa tsohuwar mai daddawa haƙoran. Kafin a watse, mutum uku ko huɗu sun sayi riga ba da niyya ba.

Mijinta Bartholomew ma'aikacin reluwe ne, ya rasu ya bar ta da yara uku da gonar citta a Fadan Kagoma. Kowa na kiran ta Maman Leonard, da sunan babban ɗanta. A danginsu, gonar mamaci tana zama a hannun matarsa saboda yara, muddin tana kula da ita yadda ya kamata. In dangi suka ga tana wasa da ita, sai su karɓa su ba wani namiji a gidan. Mai sa ido a kan wannan shi ne wan mijinta, Baba Dogara, wanda ɗansa Celestine ya yi aure bai da isasshiyar gona. Ba mugun mutum ba ne Baba Dogara, amma yana da ido.

Wata Laraba ta zura hannu a aljihun wani jibgegen kwat mai ruwan toka, ta fito da ɗan gwangwani mai faɗi. A ciki akwai wasu 'yan gutsattsari bakwai masu launin zuma, an barbaɗe su da sukari.

"Kada ki ci," na ce mata. "Kin san ko maganin ɓera ne?"

"Ɓeran Turai ne za a ba magani a gwangwani mai fure?" Ta jefa ɗaya a baki. Ta tauna, ta sake taunawa. Sai ta kama hannuna. "Mildred, citta ne."

"Wane irin citta?"

"Citta dai! Wanda muke tsagawa muna shanyawa a kan dutse har bayanmu ya ƙage. Ashe in sun kai shi can alewa suke yi da shi. Wa ya sani ma ko na gonana ne ya dawo gaishe ni."

Na ɗanɗana. Laushi kamar dabino, zaƙi ya fara zuwa, sannan ɗan yaji ya biyo baya ya ɗuma maƙogwaro. Wannan karon abin bai hau faranti ba. Ta ƙulle shi a bakin zane.

Daga ranar ta shiga gwaji. Ta jiƙa busasshiyar citta ta dafa da sukari, abin ya fito kamar ɓawon itace. Da kaka ta yi, ta ɗebo ɗanya daga gona ta yanka ta dafa, ta zubar da ruwa ta sake dafawa. Wannan ta fi, amma zare ya cika ta, in ka tauna sai ka yi ta tofar da igiya, yaji kuma ya sa ka hawaye. Tukunya tara na ƙirga mata, duk sun ƙare a bola. Gutsattsarin gwangwanin kuma suna raguwa, don duk gwaji sai ta ɓalli kaɗan ta kwatanta.

Ba wanda ya yi tunanin inda matsalar take, kuma ba laifin kowa ba ne. A ƙasar Kagoma ana shuka citta da ruwan farko, a rufe ta da ganye, a bar ta. Ba a taɓa ta sai ganyenta ya bushe ya kwanta, wajen Nuwamba ko Disamba. Mai haƙa citta tana kore, ko ɓarawo ne ko mahaukaci. Emilia ta girma a cikin citta, amma ba ta taɓa sa 'yar wata huɗu a baki ba.

A watan Agusta na 1991 aka aiko mata cewa shanu sun shiga gonarta. Na rufe rumfa na bi ta. Mun tarar sun tattake kunya shida a gefen rafi, ƙasa ta jiƙe, kofato ya tono saiwoyin ya bar su a fili. Emilia ta durƙusa tana tsincewa tana faɗa, har da kuka. Cittar farare tas, bakinsu ja-ja, fatar tana saɓulewa da ɗan yatsa. Cikin haushi ta gatsa ɗaya. Sai faɗan ya tsaya.

Ta miƙo mini sauran. Babu zare ko ɗaya, yajin kuma kaɗan ne.

Muna nan tsaye sai ga Nene, Bafulatanar da ke kawo mana nono a kasuwa, tare da mijinta Hammawa, yana jan ɗan maraƙi da igiya. Shanunsu ne suka yi ɓarnar, sun zo da diyya tun kafin magana ta kai wurin mai unguwa.

"Maman Leonard, a yi haƙuri," in ji Hammawa. "Dabba ba ta san iyaka ba. Ga wannan."

"Malam Hammawa, ka mayar da shi wurin uwarsa, yana kuka," Emilia ta ce, bakinta cike da citta. "Amma matarka zan riƙe."

Nene ta zaro ido. "Ni kuma? Me zan yi miki, ƙawa?"

"Kasuwa nawa kike ci a mako?"

"Kafanchan, Samaru Kataf, wani lokaci har Zango."

"To, ƙwaryarki za ta ƙara kaya."

A ranar ta dafa abin da shanu suka tono. Da ya huce ta ajiye shi gefen gutsuren ƙarshe na gwangwani, muka ci wannan muka ci wancan. Ni dai ban iya bambancewa ba. Emilia ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Sai dai citta ba ta jira. Nan da 'yan makonni za ta yi zare. Emilia ta yanke shawarar haƙe rabin gonar nan take, ta bar rabi saboda iri da kaka. Ta karyar da kayan gwanjonta ta sayi buhunan sukari, ta ɗauki mata huɗu 'yan ƙodago. Suna cikin haƙa Baba Dogara ya iso a kan kekensa, ko jingine shi bai yi ba, ya sake shi ya faɗi.

"Matanmu!" ya ƙwala wa Emilia, don haka yake kiran matar ƙanensa. "Me nake gani? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba. Sannu da zuwa."

"Citta a watan takwas? Shanu sun ci kaɗan, ke kin zo ki ƙarasa musu? Ko gwanjon ne ya taɓa miki kai?"

"Alewa zan yi da shi."

"Alewa." Ya juya wurin matan da ke haƙa. "Kun ji ko? Gonan ƙanena zai zama alewa." Ya ɗaga murya. "Ki saurare ni. Kuɗin cittan gonan nan kowane shekara yana sa buhu takwas na masara a gidan Bartholomew, yara kuma suna zuwa makaranta. Ranar taron gida bayan Kirsimeti zan ƙirga. In babu takwas, Celestine zai shiga gonan, kuma ba wanda zai ce na zalunci gwauruwa."

"Na ji, Baba."

"Ba ki ji ba. Da kin ji da kin ajiye fartanya."

Ba ta ajiye ba.

Kashin farko ya ba mu tsoro. Ruwan Agusta a Kafanchan ba ya barin komai ya bushe, tire biyu suka yi fumfuna a kan rufi, aka zubar da su da sukarinsu. Emilia ta zauna a rumfarta da babu kaya sai faranti, ta yi tagumi. Can ta miƙe ta nufi gidan burodin da ke bayan kasuwa. Ta shirya da mai gidan, in sun kwashe burodin safe ta jera tirenta a kan tanda mai sauran zafi, shi kuma ta ba shi alewar yaransa. Daga nan komai ya bushe ƙarau. Muka riƙa zubawa goma-goma a leda, muna liƙe baki da wutar kyandir.

Ta fara da tashar jirgi da tashar mota. Fasinja ba su san abin ba, sai ta riƙa ba su ɗanɗano kyauta tana cewa, "In mota na juya maka ciki, ga abokin tafiya." Direbobi suka fara saye saboda barci. Nene ta ɗora leda ashirin a kan faifan ƙwaryarta, ta dawo babu ko ɗaya, ta ce tsofaffin rugage sun ce yana kashe sanyin ƙirji, a ƙaro. Duk da haka kaya sun fi ciniki yawa. Katan-katan na jibge a ɗakinta har yara na kwana a tsakaninsu, Oktoba ta wuce, buhun masara biyu kawai ta iya saye.

Abin da ya buɗe hanya taron Zumuntar Mata ne na coci-cocin gunduma, a watan Nuwamba. Mata sun zo daga ko'ina da tulunansu na kiɗa da kacau-kacau, ana waƙa tun safe. Kafin rana ta biyu muryoyi sun dushe, mai ba da waƙa ta cocin su Emilia tana buɗe baki sai iska ke fita. Emilia ta tura mata leda ɗaya. Ko cittar ce, ko hutun da ta yi tana tsotsa, ban sani ba, ni ba likita ba ce. Na dai ga matar ta miƙe da yamma ta ja waƙa har bayan fili ana ji. Da aka tashi sai ga layi a gaban katan ɗinmu.

"Mama, ba ni na muryan nan guda biyar."

"Ni goma, maigidana yana tari kamar tsohon janareto."

"Ke Maman Leonard, kina da wannan abin kika bar mu muna kuka kamar kwaɗi tun jiya?"

Katan goma sha ɗaya muka kai, muka dawo da kwalaye a ninke. Matan nan kuma kowacce ta koma garinta da labari. Kafin Kirsimeti masu shaguna daga Kagoro da Zonkwa suna aiko yaran mota da saƙo, Emilia tana ba su haƙuri, don kaya sun ƙare kuma citta ta riga ta tsufa a ƙasa.

Ranar taron gida ta ɗauki hayar a-kori-kura zuwa Fadan Kagoma, ta ce in zo in taya ta sauke kaya. Dangi na zaune a gindin mangwaro. Aka jera buhunan masara a gaban Baba Dogara. Ya tashi da sandarsa yana dukan kowanne yana ƙirgawa da ƙarfi. Da ya kai takwas ya tsaya, saura biyar a gabansa. Ya soka hannu a ɗaya ya ɗebo, ya duba ko ƙaiƙayi ne a ƙasa.

"Wannan duk daga alewa?"

"Daga rabin gona, Baba. Ɗaya rabin na haƙe shi a lokacinsa, yana kan dutse yana bushewa. Iri kuma na ajiye."

Wata tsohuwa a cikin dangi ta fashe da dariya. "Dogara, ƙarasa ƙirgan mana, ko makarantarka a takwas ta tsaya?"

Ya ƙarasa, sha uku. Ya koma ya zauna, ya cire hula ya goge kai.

"Celestine," ya ce, "ka nemi gona a wani wuri. Wannan na Leonard ne da ƙannensa." Ya dubi Emilia. "Matanmu, kin yi. Amma ni dai har yanzu na ce wanda ya haƙa citta a watan takwas ba shi da hankali."

"Haka ne, Baba," ta ce, ta durƙusa ta miƙa masa ledar da ta ɓoye masa.

Gonar tana hannun 'ya'yanta har yau. Gwanjo kuwa ta koma masa bayan sabuwar shekara, don ta ce ba za ta iya zama ba ta san abin da ke aljihun mutane ba. Da Agusta ta zagayo, manoma bakwai suka kawo mata ɗanyar citta ta saya. Na bakwai ɗin Celestine ne, da buhu a bayan keken babansa. Ya ce Baba ya ce a gaya mata kunya biyu kawai ya haƙa, kuma ta can bayan gona, inda ba a gani daga hanya.