Layi Biyu A Kan Baƙin Dutse

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, ƙaninka ya buga ƙofata ya ce Mai Duwatsu ya rasu. Na ce masa ba zai yiwu ba, ai jiya na ji ƙarar injinka ta katanga.

Shekara talatin muna maƙwabtaka. Ni na karanta ilmin duwatsu a jami'a, na ƙare a ofis ina buga hatimi a takardun da ba mai karantawa. Kai direban babbar mota ne, a aji huɗu ka bar makaranta. Amma kai ne kake tsayawa a gefen hanya ka ɗora dutse kamar buhun siminti a mota, ka yanka shi da inji, ka yi wata biyu kana goge shi da ruwa har mutum ya ga fuskarsa a jikin dutsen. Ko ɗaya ba ka taɓa rabuwa da shi ba. Na sha ce maka mahaukaci. Sai ka turo mini rabin dutse a baro ka ce, "Malam, me ake ce wa wannan a takardunku?" In na faɗa, ka yi dariya: "Sa suna dai kun iya."

Da aka sallame ni daga aiki, ba abokin karatun da ya leƙo ni. Kai ka miƙa mini tiyo ka ce in riƙe maka ruwa a bakin inji. Sai da na shekara na lura tiyon yana da ƙugiyar da ke riƙe shi a jikin injin.

Kafin ka yanka dutse, kakan jiƙa shi, ka yi kwanaki kana zagaya shi, sannan ka ja layi da alli. Ɗaya tak. Kakan ce ba a buɗe dutse sau biyu.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Matarka ta ce baƙin dutsen nan na bayan ƙofa, wanda ya shekara goma sha biyu ba ka yanka ba, ni ka bar wa in yanka. Na duba, layi biyu ne a kansa.

"Ɗaya nasa ne, Malam," in ji ta. "Ɗayan wai kai ka nuna masa da sanda. Duk sanda allin ya dushe sai ya sabunta su."

Wallahi ban tuna na nuna ba, ban kuma san wanne ne nawa ba. Kunyar gaya mini na yi kuskure ka ji? Ko tsoro kake kada ya zama ni ne da gaskiya? Shekara goma sha biyu, ga katanga ɗaya tsakaninmu, me ya hana ka tambaye ni?

Na kunna injin sau uku, na kashe. Dutsen yana ƙofar ɗakina yanzu. Ba zan yanka ba. Na sayi alli.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Matarka da ƙaninka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ma Ya ba ni.