Malam Iro da Batir a Bayan Mota

Ku da kuka san Malam Iro a tashar Kafanchan, kun san ba don duba inji yake buɗe bonet ba. Abincinsa yake dubawa. Ya cire batir daga mazauninsa, ya ajiye kwanon wake da doya a wurin, inji na ɗumama masa. Batir kuwa ya mayar da shi can bayan a-kori-kurarsa, wajen kaya, ya ja wata doguwar waya ta ƙarƙashin mota har gaba.

Na taɓa ce masa, “Malam, wannan wane irin aiki ne?”

Ya ce, “Maman Bulus, batir yana cin abinci ne? To me zai yi da wuri mai ɗumi?”

Mai gyaran wayar mota na bakin tasha ya roƙe shi har ya gaji. Ya ce, “Baba, tunda ka kai batir baya, bari in sa maka fiyus a jikin wayar, dab da batirin. Ɗan abu ne. In waya ta goge ta taɓa ƙarfe, shi zai ƙone ya yanke wuta, mota ta tsira.”

Malam ya ce, “Wato ana fara faɗa shi ne farkon mutuwa? Kai, rufa mini asiri! Ba na ɗaukar matsoraci a motata.”

Ƙananan fiyus ɗin da motar ta zo da su ma duk ya zare. Wani wuri ya cusa ƙusa, wani wuri takardar kwalin taba mai ƙyalli. In ka yi magana ya ce, “Ka taɓa jin ƙusa ta mutu?”

Wayar nan ta bi ta ƙarƙashin kujerar gaba. Wata rana matar wani fasto ta zabura a hanyar Gwantu, ta ce, “Direba, kujerar nan tana gasa ni!”

Bai ko kalle ta ba. Ya ce, “Mama, ki gode Allah. Maganin ciwon baya ne.”

Tun daga ranar na koma zama a baya, kan kaya.

Za ku ce me ya hana ni shiga wata motar. Lokacin rikicin shekarar tamanin da bakwai, da wuta ta ci unguwarmu, shi ya tura ni da 'ya'yana ƙarƙashin tampol, ya fitar da mu. Ni Kirista, shi Musulmi. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Amma duk shekara shi ke ɗauko mini citta daga Kwoi.

Shekarar da abin ya faru, cittar nan ita ce rufin ɗakina. Tun rikicin muke kwana ƙarƙashin tsohon kwano mai yoyo, na sa rai in na sayar in yi sabo. Muka loda buhuna har suka rufe batir, na hau kai. Hanyar Kwoi kun san ta, rami da kwazazzabo. Wayar ta yi ta guga da ƙarfe har robarta ta ƙare.

Warin roba na fara ji, sai hayaƙi ta tsakanin ƙafafuna. Na doki kan motar ina ihu. Ya tsaya, ya kashe inji, ya zare makulli. Wutar ba ta san da makulli ba, daga batir take zuwa kai tsaye. Wayar ta yi jajir, ga ta a gefen tankin fetur, buhuna sun kama, zanena ya maƙale a ƙarfen bodi.

Tsohon nan ya hau, ya ture buhuna, ya kama wayar da hannu tsirara ya fizge ta daga kan batir. Na ji ƙaurin namansa. Sannan ya yaga zanen ya jefo ni ƙasa.

Mutanen ƙauye suka kashe sauran wutar da ƙasa da ruwan rafi. Abin da wuta ta bari, ruwa da ruwan batir suka gama da shi. Hanya duk ƙamshin citta, har wani yana cewa saura sukari a sha shayi. Ban yi dariya ba. Damina biyu na ƙara kwana da kwanon tarar ruwa a kan gado.

Na je asibiti da niyyar zaginsa. Na tarar da hannunsa na dama a naɗe, yatsun sun dunƙule, ba su ƙara miƙewa ba har ya mutu.

Na ce, “Malam, da ka sa fiyus, da hannunka yana nan, da cittata tana nan.”

Ya ce, “To wa ya ce babu fiyus? Ba ga shi a kwance kina yi masa faɗa ba?” Ya juya kai. “Kwanona fa, an ɗauko?”

Cittar nan har yau ban yafe ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Amma sau biyu ya fitar da ni daga wuta. Ya Ubangiji, kai ma ka raba shi da ita. Ka ba shi wuri mai sanyi, ka miƙe masa hannun nan. Amin.