Dawar Kakata da Damin Siminti

Kakata tana da wata dawa da babu mai irinta a ƙauyenmu, can gefen dajin Falgore. Daga gidan ubanta ta zo da irin. Ja ce, doguwa, in ta nuna sai ta sunkuyar da kai. Wuta-wuta, ciyawar nan da ke tsotse dawa, ba ta cika yi mata komai ba. Mutane duk sun koma masara da irin kamfani, har yayyena, sai ita kaɗai ke shuka 'yan kunyoyi a bayan gida. Duk kaka sai ta zaɓi zangarniyoyi masu kyau ta rataye a igiya saman murhu, hayaƙi yana kore mata ƙwari.

Ni kuwa ina karanta aikin gona a jami'a. Shekarar da muka shiga ajin ƙarshe aka sanar cewa an rage wa makaranta kuɗi, kowa ya tsuke bakin aljihu. Muka ce to, dama namu a ɗinke yake. Aka sallami mai gadin gonar gwaji. Taraktar sashenmu ba taya, tana ɗore kan duwatsu, kajin ma'aikata suna ƙwai a ƙarƙashinta, wanda a ganina shi ne kaɗai amfanin gonar da sashen ya samar a shekarar. Gwajin ƙasa kuwa a allo muke yinsa. Malam ya zana kwalba, ya zana ruwa a ciki, ya ce mu ɗauka ya koma shuɗi. Muka ɗauka, muka ci jarrabawa.

Da aka ce kowa ya zaɓi binciken kammala digiri, na ce ni dawar kakata zan gwada, a ga me ya sa wuta-wuta ke jin tsoronta. Na je gida neman tafin hannu guda na iri. Na tarar ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ta ce bana ba za ta iya shuka ba, yayyena kuma ba su da lokacin dawar tsofaffi. Ta sa aka kwance igiyar gaba ɗaya.

"Iya, ki rage wani abu mana," na ce.

"Kai, maigidan banza, in rage wa ɓera? Kai ta can wurin masu ilimi. Ai jami'a ta fi rumbuna tsaro. In ta nuna ka dawo min da kawunan kirki."

Haka na sauka a Kwanar Dangora na canja mota, na rungume buhun irin a cinya har makaranta.

Mun sha wahala a gonar nan. Taki mu muka haɗa muka saya. Da fartanya muka yi huɗa, 'yan digiri guda. Wata 'yar ajinmu, 'yar Bebeji, mai baki kamar reza, filinta yana jikin nawa, ita ta kawo gwangwanayen madara muka ɗaura don korar tsuntsaye. Dawar kuwa ta yi, wallahi ta yi. Wuta-wuta ta cinye layin irin kamfani, ta kakata tana tsaye kore shar.

Ta fitar da kai kenan, ƙwayar tana nono, sai muka zo wata safiya muka ga an kafa allo a bakin gonar. Hoton wani gini ne, gilashi daga sama har ƙasa, babban ɗakin taro na bunƙasa harkar noma. Jami'ar da ba ta da kuɗin taya guda ta tarakta! Da aka duba duk faɗin makarantar, da dajin da ke bayanta, sai aka ga babu wurin da ya dace da bunƙasa noma kamar inda ake noman.

Muka yi tawaga muka je wurin wani babba a ofishin gudanarwa. Ofishin da sanyi, har na so in nemi a bar ni in ƙarasa karatuna a ciki. Ya saurare mu yana murmushi, sannan ya yi mana bayani a hankali, yadda ake yi wa 'yan firamare. Kuɗin gini aljihunsa daban, kuɗin karatu aljihunsa daban, ba a haɗa su.

'Yar Bebeji ta ce, "Ranka ya daɗe, aljihun biyu dai a riga ɗaya suke ko?"

Bai yi dariya ba. Ni na ce ba mu ƙi gini ba, a ba mu 'yan makonni dawa ta ƙosa. Ya ce an riga an sa ranar aza harsashi, manyan baƙi za su zo, ba a ɗaga wa manya rana saboda kara. Game da bincikenmu kuwa kada mu damu, za a ba mu sakamakon 'yan bara mu yi rubutu a kai. Ka ji adalci.

Ranar da katafila za ta shiga muka riga ta zuwa da wuƙaƙe. Na yanke kawunan da na iya, ina yanka ina zagi a raina. Na shanya su a kan kwanon ɗakin kwananmu. Suka bushe suka motse. Na jiƙa ƙwayar a tsumma, na shuka a gwangwani, na sake. Ko guda ba ta tsiro ba. Ranar da na zubar da gwangwani na ƙarshe na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Na gama digiri da sakamako mai kyau, a kan dawar da ban taɓa gani ba. Ginin ma an gama shi, an buɗe da kaɗe-kaɗe. A ƙofarsa aka gina damin dawa na siminti, ya fi mutum tsayi, aka shafa masa jan fenti. Wannan dai ba ruwansa da tsuntsu ko wuta-wuta, sun magance matsalar baki ɗaya.

Da na koma gida, bayan gaisuwa, ba ta tambayi digiri ba.

"Maigida, ina kawunan nawa?"

Na faɗa mata komai. Ta hau murza gwiwarta. Sai na ciro waya na nuna mata hoton ginin da damin. Ta kai shi dab da idonta ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba tawa ba ce," ta ce. "Tawa in ta nuna sunkuyawa take yi."

Ta miƙo min wayar, ta ce a kawo min tuwo, na masara. Na bi ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada ina cigiyar irin a wurin tsofaffi, kowa sai ya ce ya san ta, da can. Igiyar tana nan saman murhu, ta yi baƙi ƙirin. Ludayi ake ratayewa a kanta yanzu.