Yadda na sayar da filina na sayi takarda

Ko da zan manta ranar aurena, ba zan manta shekarar da na zama mai kamfani ba. Ni ɗin nan, mai sayar da hatsi a Gwallaga, wanda boko ya sallama tun aji uku.

Wani babban kamfani ne a Legas ya ce zai shiga kasuwar hannun jari, wai kowa ya zo ya sayi rabonsa. Ɗan ƙanwata, ma'aikacin banki, ya iso shagona da fom, cikin kwat, da ranar nan mai narka kwalta.

"Kawu, yanzu ne araha. Da an buɗe ciniki zai ninka."

Ya faɗi kuɗin hannun jari ɗaya. Na ce, "Na taya rabi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kawu, ai ba masara ba ce. Masana ne suka zauna suka yanke farashi, ba a tayi."

"Wa ke biyan masanan?"

"Kamfanin mana."

A nan ya kamata in ce masa ya gaida gida. Tunda nake ban taɓa sayen buhu ban zura hannu na ga ƙwaya ba, ban kuma taɓa yarda da dillalin mai kaya ba. Amma kwat ta rufe mini ido. Na sayar da filina na Gwallameji, wanda na ce zan gina mu huta da haya.

Da aka buɗe ciniki farashi ya hau, har na fara ba maƙwabta shawara kan arziki. Na so in sayar, aka ce sai takardar shaidata ta iso. Manya kuwa tasu tana hannu, sun sayar sun kama gabansu. Da tawa ta iso bayan watanni, farashin ya riga ya kwanta.

Matata ta juya takardar gaba da baya, ta ce, "Malam, ta wane gefe za mu sa ɗakin girki?"

Na kira yaron. Ya ce, "Kawu, kasuwa ce ke gyara kanta." Na ce madalla, da filina ta yi gyaran.

Har yau muna haya, yaran da na so su tashi a gidan ubansu sun yi gemu a gidan wani. Abin da na koya ke nan: in mai kaya ya yanke farashi shi da yaransa, sannan ya bi ka har shago yana cewa araha ce, to kai ne kayan.