Lasifikar Baba

A gidanmu na Gwammaja 'ya'ya sun yi yawa, kuma kowa da abin da Allah ya ba shi. Wani ƙwaƙwalwa, wata kyau, wani hannun ciniki. Ni murya aka ba ni. In na ƙwala wa ƙanena kira daga tsakar gida, sai yaron maƙwabta ya amsa. Inna takan toshe kunne ta ce, “Ke dai Allah ya shirye ki, wa zai auri wannan maƙogwaro?”

To, maƙogwaron nan shi ya ba ni Baba.

Tun ina 'yar ƙarama kunnensa ya fara toshewa. Ba kurma ba ne, amma ya ce magana tana zuwar masa kamar daga cikin rijiya. Har ya bar wa yayyena maza shagon yadinsa ya dawo zaman soro. Baƙo zai zo ya yi ta zuba bayani, Baba yana gyaɗa kai kamar ya gane, sai can ya juya ya ce, “Ina Lasifika?” Ni ke nan. Sai in zo in durƙusa a hagunsa, in kai bakina daf da kunnensa, in maimaita masa komai tiryan-tiryan.

Kada ku raina wannan aiki. Duk maganar gidan nan ta bakina take bi. Yayyena masu gemu sai sun lallaɓe ni kafin in isar musu da saƙo. Labaran rediyo, ni ce mai kai masa su da zafinsu. Ragowar shayinsa tawa ce, tsokar da ya ture gefen kwano tawa ce, kuma in ina magana yakan ɗora tafin hannunsa a kaina don in tsaya daidai saitin kunnen. A gida mai yawa uba ba ya isar kowa. Ni kam ya ishe ni, har da ragi.

Duk safiyar Juma'a akwai wani tsoho mai goge kunne da yake zuwa. Yana da 'yar jakar fata da ta sha hannu, a ciki akwai auduga, da gashin zabuwa, da wasu siraran ƙarafa masu baki kamar ɗan cokali. Baba zai karkata kai, tsohon ya zura ƙarfen a hankali yana ƙwaƙulowa, sannan ya bi da gashin yana murza shi tsakanin yatsu biyu. Sai ka ga Baba ya lumshe ido, ya yi ɗan tari, fuskarsa ta saki kamar ta yaron da ake yi wa susa. In an gama, tsohon ya shafa abin da ya fito a bayan hannunsa ya nuna.

“Alhaji, ka ga abin da na ciro? Yau kam kunne ya buɗe.”

Baba ya dube ni. Ni kuma in matso in ƙwala, “Wai ya ce yau kunne ya buɗe!”

Shekara da shekaru ana haka, ba wanda ya ga aibun abin. Sai Yaya.

Yaya ita ce babbar 'yar Baba mace, tana makarantar koyon aikin jinya. Komai nata a natse yake, tafiya a natse, magana a natse, farin kayanta ko ɗigon miya ba ya kusantarsu. Tun muna yara in an yabi mutum a gidan, ita ce. Ban damu ba, tunda duk iya maganarta, in tana son Baba ya ji, sai ta neme ni. Wani hutu da ta zo, ta ɗauki tocila ta leƙa kunnen ta daɗe, sannan ta ce da ni, “Faɗa masa datti ne ya daskare. Ƙarfen nan bakin kawai yake sharewa, sauran tura shi ciki yake yi. A asibiti za a wanke da ruwan ɗumi, ya ji garau.”

Na hango aikina zai ƙare. Amma na faɗa masa, ban rage ko harafi ba.

Baba ya ce, “Ruwa a kunne? Ni kifi ne?”

Wallahi ranar ji na yi kamar in goya shi.

Sai ga shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki. Gari ya ɗauki zafi da maganar siyasa, soron Baba ya cika da masu gardama, ni kuwa aiki ya yi min yawa har muryata ta dishe. Aka yi zaɓe, aka sa ranar rantsuwa. Wani yammaci ina tsaka da maimaita masa labarai, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce wancan karon da farar hula suka karɓi mulki, da kunnensa ya ji rantsuwar, kuma bai san ko zai ga wata ba bayan wannan. “A kira min yayarki,” in ji shi. “A gwada ruwan nan nata.”

Yaya ta ce kafin a je sai an yi kwanaki ana ɗiga man zaitun safe da yamma, don dattin ya yi laushi. Ita tana makaranta. To wa zai ɗiga? Ni! Ni da hannuna. Baba ya kwanta a kan tabarma, in riƙe kunnen in ɗiga, in toshe da auduga, yana ta sa min ido yana murmushi. Ban taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. Amma Allah ya sani, ina ɗigawa ina fatan kada man ya yi aiki.

Ranar zuwa asibiti na yi wanka tun da wuri, na ɗauki mayafi. Yaya ta dube ni ta ce, “Zauna abinki, can ba a son hayaniya.” Na tsaya a bakin soro ina kallo ta riƙe masa hannu har bakin titi, suka shiga tasi.

Kafin azahar suka dawo. Tun daga lungu na ga tafiyar Baba ta canza, yana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙaya. Wai ƙarar takalminsa ce ta dame shi. Ya shigo tsakar gida ya tsaya cak. Ya ce, “Famfon nan tun yaushe yake ɗiga?” Inna ta yi ƙunƙuni kamar yadda ta saba yi a gabansa shekara da shekaru, ya juyo ya ce, “Na ji ki fa.” Gida ya ɗauki shewa. Yaya ta zauna tana ba da labari, yadda aka kara masa ƙaramin kwano a ƙarƙashin kunne, aka cika sirinji da ruwan ɗumi aka fesa, sai ga abu ya faɗo baƙi ƙirin kamar ƙwallon dabino. Har ta naɗo shi a auduga. Baba ya sa shi a kwalba, duk wanda ya shigo sai ya gani.

Kuma kowa ya gani sai ya ji albarkar da ake sa wa Yaya. “Yarinyar nan ta dawo min da duniya,” haka yake cewa. Safiya ɗaya fa! Ruwan ɗumi kofi guda! Ni da na yi shekaru ina kashe maƙogwaro, har da man zaitun ɗin da ya yi rabin aikin, ko sunana bai fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na faɗa wa Inna haka ina wanke-wanke, ina buga kwanuka. Ta ce, “Ubanki ya warke kina kumbura fuska? Hassada ga mai rabo taki ce.” Na san gaskiya ta faɗa. Sanin bai rage min komai ba, kishi nake yi, kishi mai ɗaci.

Da Juma'a ta zagayo, tsoho mai goge kunne ya zo da jakarsa. Baba ya miƙa masa kwalbar. Ya juya ta, ya ɗaga ta saitin haske, bai ko ji kunya ba ya ce, “Ai Alhaji ni na tattara musu shi wuri guda, su ɗauka kawai suka yi.” Baba ya yi dariya har da hawaye, ya sallame shi da mutunci, ya ce likita ya hana a sake zura komai. Tsohon ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa muka haɗa ido, ni da shi.

Ranar rantsuwa aka fito da rediyo tsakar gida, aka sa sabon batir, manya da yara aka kewaye. Ƙafata ce ta kai ni, ba ni ba. Na sami kaina durƙushe a hagun Baba. Da aka fara karanto rantsuwar, na kai baki kunnensa na ƙwala kamar kullum.

Baba ya zabura ya dafe kunne. “Ke! Lafiyarki? Wa ya mutu? Rage murya mana, za ki fasa min kai!”

Aka fashe da dariya. Wani yayana mai bakin tsiya ya ce, “Lasifika, yau fa ranar miƙa mulki ce. Soja ma ya haƙura, ke ma koma bariki.” Aka sake kwashewa. Baba ya matsa gefe, ya ce Yaya ta zo ta zauna kusa da shi. Ni na tashi na shiga madafi na zauna a kan turmi. Ban ji rantsuwar ba, har yau ban san me aka ce ba.

Daga ranar na kama bakina. Na ce tunda ihuna ne ba a so, to za a ga natsuwa. Na koyi magana ƙasa-ƙasa, har Inna ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Baba kuwa bai lura ba. Yana can yana jin duniya, kukan tattabaru, kiran sallar masallatan Goron Dutse, gulmar maƙwabta ta kan katanga.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta ba ni kunun tsamiya in kai masa. An idar da la'asar, yana zaune a kan buzu ya fuskanci gabas, ya ba ƙofa baya, yana jan carbi. Na yi sallama a hankali, na ce, “Baba, ga kunu.”

Ashe in na sassauta, muryarmu ɗaya da Yaya. Ban taɓa sani ba. Shi ma bai sani ba, don bai taɓa jin tawa ba sai da ihu.

Bai juyo ba. Ya ce, “A'a, malamar asibiti, ba ki koma makarantar ba? Ajiye nan, uwata. Allah ya yi miki albarka. Yadda kika faranta min, Allah ya ba ki masu faranta miki. Allah ya sa ki gama da duniya lafiya.”

Ya daɗe yana yi, ni ina durƙushe a bayansa da kwanon a hannu, yana ƙona min yatsu. Kalma ɗaya da ƙarfi ta isa ya gane ni. Na ajiye kunun, na ce amin a hankali, don kada ya juyo.