Baturiya Mai Kifi da Cigiyar Gwaggo Dije

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Tiga ya san Baturiya mai kifi, in bai ga fuskarta ba ya ji muryarta. Shekara talatin tana suyar karfasa a rumfa ɗaya, kuma ba ta sallamar baƙo sai ta tambaye shi garinsu da sunan kakarsa. Mutane suna ɗauka surutu ne kawai, ba su san cigiya take yi ba.

Mahaifinta, Malam Shitu masunci, maraya ne. Shekarar da sanƙarau ya shiga tsohon garinsu, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan dam, ya ɗauke masa uwa da uba cikin mako guda. Yana da shekara tara, ƙanwarsa Dije tana da biyar. Kawunsu ya riƙe Shitu, Dije kuwa wata mai fataucin daddawa, Ummulkhairi, ta goya ta ta yi kudu da ita. Da aka tashi garin, tsofaffin da suka san matar suka watsu. Har Malam Shitu ya koma ga Allah bai daina faɗin, "Ko ina Dije ta ƙare?" ba.

Bayan rasuwarsa Baturiya ta ɗaura ɗamara. Da farko aka kwatanta mata wata tsohuwa Dije a garin Ƙofa. Ta cika kwano da kifi ta tafi. Tsohuwar ta saurari labarin tsaf tana ɓare ƙaya, sannan ta ce, "'Yar nan, ni a ɗakin can aka haife ni, iyayena sun ga jikoki. Amma in kifin nan zai riƙa zuwa, na yarda ni ce."

Baturiya ta dawo tana dariya har da hawaye.

Sai da aka shekara biyu wani direba ya ce mata, "Hajiya, ki daina tambayar Dije, Dije ta yi yawa. Ki tambayi mai daddawar." Ranar kasuwar Tudun Wada ta bar wa 'yarta Fa'iza kasko, ta shiga layin masu daddawa tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe, wata mai furfura, ta ɗaga kai.

"Ummulkhairi? Ai kishiyar sana'ar uwata ce. A bayan garin Doguwa ta yi aure, a gindin dutse. Tana da wata 'yar riƙo da ta zama ungozoma."

Da hantsi washegari Baturiya tana kan acaɓa, tana ratsa gonakin masara. A bakin ƙauyen ta tambayi wani dattijo gidan Dije ungozoma.

"Allah Ya ji ƙanta, bara waccan ta rasu," in ji shi. "Rabin garin nan ita ta yanke musu cibiya, har da 'ya'yana tara."

Baturiya ta sauka daga kan acaɓar. Ta zauna a kan wani kututture ta yi kukanta, ta share ido, ta ce a kai ta gidan.

Wata doguwar mace tana sussukar dawa a tsakar gida. Habiba ce, babbar 'yar Dije. Bayan gaisuwa Baturiya ta ce, "Ni 'yar Shitu ce, yayan mahaifiyarki."

Habiba ta saki taɓarya. "Wane Shitun? Wanda ruwan Tiga ya ci?"

"Wane ruwa? Baba da ya yi shekara saba'in da takwas, ya mutu a kan gadonsa?"

Ashe lokacin da aka tare ruwan, wani matafiyi ya kawo wa Dije labarin cewa garinsu ya nutse da mutanensa. Tun daga ranar, kowace Juma'a sai ta yi waina ta raba sadaka da sunan yayanta, fiye da shekara arba'in.

Baturiya ta tafa hannu. "To, shi ya sa Baba ko ciwon kai ba ya yi! Ashe ana can ana yi masa sadaka yana nan yana jefa koma."

Suka rungume juna, kuka da dariya suka cakuɗe. Kafin azahar gidan ya cika: 'ya'yan Dije shida, jikoki kuwa Baturiya ta ƙirga har ta rikice. Aka nuna mata babban ɗan Dije, manomin dankali, sunansa Shitu.

Ba a gama cin tuwo ba wasan taubasantaka ya tashi. "Ke 'yar mace ce, ni 'yar namiji," in ji Baturiya. "Tashi ki ɗebo wa uwar ɗakinki ruwa."

"Uwar ɗakin da ta ɓata shekara hamsin a hanya?" in ji Habiba, amma ta tashi.

Da kaka aka yi bikin Fa'iza. Mutanen Doguwa suka zo da mota biyu shaƙe, da buhunan dankali a kan rufi. Ranar, karon farko a rayuwarta, kifi ya ƙare wa Baturiya tun kafin la'asar, sai da ta aika bakin ruwa aka tare masunta.